Gwajin jini na bugun kai: wanne ya kamata asibiti ya saya?

An kawo mutum bayan hatsari, yana magana, ya san sunansa, amma kansa ya bugu. A kai shi hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai, ko a sallame shi? Nan ne gwajin jini ke da amfani, kuma ni ba na ɓoye zaɓina: GFAP haɗe da UCH-L1.

Sinadarai ne biyu da ke tsiyayowa cikin jini idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni. UCH-L1 daga ƙwayoyin jijiya yake fitowa, yana tashi da wuri. GFAP kuwa daga ƙwayoyin da ke tallafe su, sai wajen awa 20 yake kai ƙololuwa, don haka abin da ya kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya kama. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da haɗin a 2018, bayan binciken ALERT-TBI kan mutum kusan 2,000, inda gwajin ya gano kashi 97.6 cikin 100 na masu raunin da CT ya nuna. Na'urar i-STAT ta kamfanin Abbott tana ba da sakamakon wannan gwaji cikin minti 15. Binciken TRACK-TBI na 2022 ma ya nuna hauhawar sinadaran biyu a ranar rauni tana hasashen mutuwa ko nakasa mai tsanani bayan wata shida.

Akwai wasu sinadaran da ake aunawa a jini don raunin ƙwaƙwalwa: S100B, NSE da NfL. S100B ya taɓa ƙona ni. Wani saurayi mai karaya a cinya, sakamakonsa ya yi sama, hankalin mahaifiyarsa ya tashi, CT ya fito tas. Kitse da guringuntsi ma suna fitar da shi, kuma sai an ɗebi jinin cikin awa shida. NSE, da jajayen ƙwayoyin jini sun fashe a kwalba, sakamako ya lalace. NfL na bibiyar makonni ne, ba na ɗakin gaggawa ba.

Sai dai a yi hattara da dillalai. Akwai kayan gwajin da aka rubuta a jikin kwalinsu cewa na bincike ne kawai, amma a tallata maka su kamar na duba majinyaci. Karanta kwalin da idonka. Duba ranar lalacewa, ka tambayi yadda aka adana kayan a hanya, domin firji suke bukata. Duk wanda ya ce maka gwajinsa ya maye gurbin CT, ko ana yi wa yara da shi kamar manya, nemi takardar amincewar hukuma kafin ka sa hannu. Majinyacin da ya suma ko yake ta amai, kai shi hoto, kada ka tsaya jiran jini.