Rumbun takardun sojojin Ostareliya a intanet: abin da yake bayarwa da inda yake yin shiru

Ɗaliban tarihi a Jami'ar Bayero da masu neman labarin kakanninsu 'yan Yaƙin Burma sukan faɗa kan shafin RecordSearch, na Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ostareliya. Kyauta ne, ba sai an yi rajista ba, kuma a cikin shafukan da ke ba da fayil ɗin soja ɗaya-ɗaya da wuya a sami wanda ya fi shi. Amma wanda ya shiga yana zaton zai tarar da cikakken labarin zaman fursunan yaƙi, zai fito da saura.

Kada a fara da shi kai tsaye. A fara da Nominal Roll, wato jerin sunayen sojoji na ma'aikatar tsofaffin sojojin ƙasar, inda suna kaɗai ke fito da ranar haihuwa, ranar shiga soja, rundunar ƙarshe, da layin da ke nuna ko an taɓa kama mutum a yaƙi. Abin ɗauka a nan shi ne lambar soja. Haruffan farkonta suna faɗin jihar da ya shiga aiki: NX na New South Wales, VX na Victoria, QX na Queensland. Da wannan lamba za a koma RecordSearch, don suna kaɗai na iya fito da mutum ɗari. Fayilolin 'yan sa-kai da aka tura ƙetare a Yaƙin Duniya na Biyu suna jerin B883, na dakarun cikin gida kuma B884. Da yawa daga fayilolin an ɗauki hotonsu an ɗora a shafin, wanda ba a ɗora ba kuwa sai an nema an biya.

A cikin fayil akwai takardar rantsuwar shiga soja, sau da yawa da ɗan hoton mutumin, sai kuma takardar da ta fi kowace daraja, wadda akawun soja ke cikewa layi-layi: canjin runduna, hawa jirgin ruwa, kwanciya asibiti, tarar da aka ci shi don ya fita bariki ba izini. Kada a rantse da shekarar haihuwar da ke ciki. Yara sun ƙara shekaru, dattawa sun rage, duk don a ɗauke su.

A nan ne rumbun yake gazawa, ko da yake ba laifin masu shi ba ne. Singafo ta faɗa hannun Japan ranar 15 ga Fabrairu 1942, aka kama 'yan Ostareliya wajen 15,000, mafi yawansu na Runduna ta 8. Daga ranar, takardar da take ta zuba sai ta yi tsit. Za a ga layi ɗaya cewa ya ɓace, bayan watanni masu yawa wani layin cewa an tabbatar fursuna ne, sai kuma 1945: ko an ceto shi, ko ya rasu a tsare. Shekara uku da rabi ke nan a layi uku. Dalili shi ne Japan ba ta tabbatar da yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan fursunoni ba, kuma ta yi ta jan ƙafa wajen miƙa sunaye ga Red Cross, don haka akawun da ke gida bai san komai ba balle ya rubuta.

Cike wannan giɓi sai an gano ayarin da aka jefa mutum. Daga sansanin fursunoni na Changi da ke Singafo aka riƙa kwasar su rukuni-rukuni da haruffa. Ayarin A, mutum 3,000, ya tafi Burma a Mayun 1942. Ayarin F ya tafi Tailan a Afrilun 1943, kuma cikin 'yan Ostareliya kusan 3,600 da ke cikinsa fiye da 1,000 ba su dawo ba. Aikin waɗannan ayari biyu shi ne shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 tsakanin Tailan da Burma, wanda aka gama a Oktoban 1943. Abin da ya fi kashe mutane shi ne kwalara, atuni, zazzaɓin cizon sauro, gyambon da ke cin ƙafa har ƙashi, da kumburin da farar shinkafa zalla ke jawowa saboda rashin bitamin B1. Idan kuwa aka ga ayarin B ko E, to tsibirin Borneo ne, kuma daga waɗanda suka saura a sansanin Sandakan da ke can har 1945 mutum shida kacal suka tsira. Gaba ɗaya, cikin sama da 22,000 da Japan ta kama, kimanin 8,000 sun mutu. Irin wannan bayani yana shafin Gidan Tarihin Yaƙi da ke Kanbera, tsofaffin jaridun Ostareliya kuma suna shafin Trove, inda akan sami sanarwar da iyali suka buga.

Ta fuskar amfani da shi a nan Kano, akwai abu biyu. Rubutun hannu ne, cike da gajerun kalmomin soja, ga tawada ta koɗe, don haka waya ba ta wadatarwa. Gara a zauna gaban kwamfuta a ɗaya daga shagunan Kabuga ko titin Zoo, a sauke fayil ɗin gaba ɗaya sau guda maimakon buɗe shafi-shafi data na zuba. Wajen bugawa a ce wa mai shago ya yi da kala, ko ya rage duhun injin, in ba haka ba takarda mai ruwan ƙasa za ta fito baƙi ƙirin. Na biyu, shafin yana rufe zama idan an daɗe ba a taɓa shi ba, kuma adireshin da aka kwafo daga saman burauza yakan mutu. A rubuta lambar fayil a takarda tun da wuri, musamman ga wanda wuta ke iya ɗauke masa.

Mai neman kakansa ɗan Fagge ko Dala kuma, ya sani babu shi a nan. Mutanenmu suna Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a Kaladan da Arakan a Burma, ƙarƙashin Ingila. Wanda ya kwanta dama a can, a neme shi a shafin CWGC, hukumar kula da kaburburan yaƙi, wadda ke da maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. A gwada sunan ta fuska da yawa, domin Turawa sukan haɗa sunan mutum da na garinsu, kamar Audu Kano ko Garba Katsina, kuma Muhammadu na iya fitowa Mamman ko Momo. Wanda Allah ya dawo da shi gida lafiya ba ya cikin wannan jeri, sai dai a binciki akwatin gida ko an ajiye takardar sallamarsa, a kuma duba gefen lambar yabo da bayanta, ko da an zana lambarsa ta soja.