Na gwada hidimar gyara rahoton bashi, ga abin da na gani

Jama'a in dai kun taɓa cin bashin banki ya gagare ku biya a kan lokaci har aka sake muku tsarin biya kaɗan-kaɗan, to dan Allah ku ciro rahoton bashinku ku duba da idonku, kar ku tsaya kan maganar baki da manaja ya yi muku. Kamfanoni uku ne Babban Banki CBN ya ba lasisin ajiye tarihin bashin mutane a Najeriya, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, amma mu 'yan kasuwa da yawanmu ba mu ma san akwai su ba sai ranar da aka hana mu rance.

Ni a 2023 abin ya same ni, canjin kuɗi ya tsayar da ciniki, ana cikin haka aka cire tallafin mai, kaya suna jibge a shago ba mai saye. Na samu bankin da nake hulɗa da su muka zauna aka rage abin da zan riƙa biya duk wata aka ƙara min wa'adi, na sa hannu suka sa hannu, tun daga lokacin ko wata ɗaya bai taɓa wuce ni ba. Sai da wani wuri suka ƙi ba ni kaya bashi na ciro rahoton, na tarar bankin yana ta aika bayani a kan tsohon tsarin, wato duk wata ana rubuta min ban cika ba, har bashin ya shiga layin waɗanda suka haura kwana 90 ba a biya ba. Wallahi abin ya yi min ciwo, mutum yana matse bakin aljihu yana hana iyalinsa wasu abubuwa don ya cika alkawari amma a takarda an mai da shi mai taurin bashi.

To batun hidimar kanta. Ɗaya daga cikin kamfanonin uku na kai wa ƙorafi, kuma gaskiya ta fuskar karɓar mutum ban ga laifinsu ba, fom ne ka cike ka sa BVN ɗinka ka haɗa da hujja ka tura ta imel, ba sai ka san wani ba. Yarinyar da ta kira ni ta yi min bayani tsaf, ta ce Alhaji mu ba ma ƙirƙirar komai, abin da banki ya turo shi muke sawa, kuma ba za mu canza ba sai bankin ya tabbatar. A nan raunin hidimar yake a ganina. Wanda ya yi kuskuren shi ake jira ya yarda ya yi kuskure, kai kuma kana tsakiya, ka je banki a ce hedikwata ce ke turawa, ka koma can a ce ana jiran banki. Sannan komai da Turanci ne, rahoton cike da lambobi da gajerun kalmomi, ɗan kasuwar da bai yi boko mai zurfi ba sai ya nemi mai karanta masa sirrinsa.

Abin da ya cece ni takardar sabon tsarin ce mai sa hannu da kwanan wata, da sitatimen na akawun da ke nuna kowane biya. Wanda aka ce masa da baki kawai "ba komai ka riƙa kawo abin da ya samu" ba shi da abin nunawa. Kuma ni ban nemi a goge watannin farko da na makara ba, waɗannan gaskiya ne, haƙƙin duk mai ba da bashi ne ya gan su. Abin da na ce kawai daga ranar da muka sa hannu a auna ni da sabon tsarin, a rubuta an sake tsari kuma ina biya.

Bankin bai motsa ba sai da na rubuta musu takarda na ce a buga min hatimin karɓa, na kuma gaya musu zan kai maganar sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN. Daga baya aka gyara, kamfanin ya turo min sabon rahoto.

Zan ba wani shawara ya yi amfani da hidimar kamfanonin nan, amma ya shirya bibiya da kansa. Kuma gyara a kamfani ɗaya ba ya nufin an gyara a sauran, bankuna ba wuri ɗaya suke dubawa ba kafin su ba da rance, don haka yanzu na tura wa sauran biyun takarduna ina jiran nasu rahoton.