Mormon da ’yan bishara: ina suka rabu?

Dukkansu suna kiran sunan Yesu, amma fa nan kusan aka tsaya. Masu bishara irin su Baptist a Amurka sun ce Littafi Mai Tsarki kaɗai ya isa, su kuwa Mormon, mabiyan cocin da Joseph Smith ya kafa a Amurka, sun ƙara Littafin Mormon da ya fitar a 1830, wai daga faranti na zinariya ya fassara shi. Inda abin ya fi zafi shi ne maganar Allah, ’yan bishara sun tsaya kan Triniti (Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki), Allah ɗaya ruhu ne, Mormon kuma sun ce Uba yana da jiki na nama da ƙashi, mutum ma zai iya ɗaukaka ya zama kamarsa. Gaskiya wannan ba ƙaramin saɓani ba ne. Auren mata da yawa kam cocin Mormon ta bari tun 1890.