Na yi hayar mota kwana shida a Dubai, ga yadda ta kaya tsakanina da kamfanin

Tun da na dawo ake ta tambayata wai ya hayar motar da na yi a Dubai, da riba ko gara mutum ya tsaya a tasi da Metro yadda muka saba. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Na daɗe ina zuwa garin nan sarin kaya amma ban taɓa riƙe sitiyari a cikinsa ba, daga masauki a Naif zuwa kasuwa ƙafa ce, in da nisa in shiga Metro, jirgin ƙasan cikin gari. Wannan karon da iyali na je, uwargida da yara biyu, ita tana son kasuwar Dragon Mart da masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi, yara suna son ruwan nan mai rawa na gindin Burj Khalifa, na lissafa kuɗin tasi na ga gara in karɓi mota.

Kamfanin ƙarami ne, shago ɗaya ne a Deira wajen Al Rigga, ba zan kama suna ba. Wani yaro ɗan unguwarmu da ke aiki a shagon kago ne ya kai ni, yace Alhaji nan sun fi na filin jirgi sauƙi. Kuma da gaskiyarsa, a jikin gilas an rubuta Nissan Sunny dirhami 95 a rana. Ku riƙe wannan 95 ɗin, za mu dawo kanta.

Takardu ba wasa. Fasfo, biza, lasisin Najeriya da kuma lasisin ƙasa da ƙasa, in babu wannan na ƙarshen ko kallonka ba za su yi ba, ni tun a gida na yi nawa. Sai kuɗin ajiya dirhami 1,500 wanda suka ce sai dai ta katin banki, katina na naira ya ƙi, aka goga sau uku yana ƙi ina tsaye ina gumi cikin AC, sai da na zaro na dala. Mutumin kan kanta ba laifi, yana da fara'a, amma fa bayaninsa kamar ana korarsa, ya miƙo takarda shafi huɗu da ƙananan rubutu yana nuna min inda zan sa hannu da bakin biro. Na ce masa tsaya malam, na ja kujera na zauna na karanta. A nan na ga inshorar da ke cikin 95 ɗin ta jeka-na-yi-ka ce, in ka goga motar akwai kaso mai tsoka da kai za ka biya daga aljihu, in kana son cikakkiya ƙarin 30 a rana. Na karɓa. Kujerar yaro ƙarin 20 a rana, ita ma dole, don dokarsu yaro ɗan shekara 4 zuwa ƙasa sai a kujerarsa, ga auta shekararsa 3. Sai harajin kashi 5 cikin ɗari a kan duka. Kafin in taɓa makulli kuɗi sun kai 914.

Motar dai fes, fara, AC kamar firiza, taya masu kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Kafin in tayar na zaga ta da waya ina ɗaukar bidiyo, bamba, ƙofofi, gilas, har ƙasan madubi, na haska allurar mai da lambar kilomita. A bamban baya gefen dama akwai wani ƙarzo kamar tsawon yatsa wanda babu shi a zanen motar da ke jikin takarda, na kira yaron kamfanin na nuna masa ya zagaye wurin da biro yana wani murmushi. Ranar mayarwa wani ne daban ya duba motar, kai tsaye wurin ya nufa ya ɗora yatsa. Na buɗe masa bidiyo, ya gyaɗa kai ya wuce.

Tuƙin kansa, hannu ɗaya muke da su, dama suke bi sitiyari a hagu, don haka ba ruɗewa ta nan. Ruɗewar tana titin Sheikh Zayed. Layi shida ko bakwai a hannu ɗaya, kowa a guje, ba mai hon, ba ɗan acaba ba ɗan sahu, amma wallahi na fi samun natsuwa a Kofar Ruwa da yamma. Ranar farko na shige layin ƙarshe na hagu ina tafiyata a 100 ina jin ni ma direba ne, sai ga wata jif Nissan Patrol baƙa ta manne min a baya tana watso fitila, madubi duk ya cika da hancinta. Uwargida tace Alhaji don Allah ka ba shi hanya ya wuce da fitinarsa. Layin nan na masu wucewa ne, mai Sunny ya tsaya tsakiya ya kama kansa. Sannan mafita, in Google Maps tace ka fita bayan kilomita biyu to tun lokacin ka fara sa sigina kana matsawa dama, na taɓa kuskure ɗaya wajen gadojin Dubai Mall sai da na yi zagayen kusan minti ashirin kuma na sake bi ta ƙarƙashin Salik a banza.

Salik shi ne kuɗin hanya, ba shinge ba mai karɓa, ƙarfe ne a sama kana wucewa ya karanta alamar da ke manne a gilas. Da dirhami 4 ne ko yaushe, daga ƙarshen Janairun 2025 suka mayar da shi 6 a lokacin cunkoso, ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da 4 na yamma zuwa 8 na dare ban da ranar Lahadi, sauran lokaci 4, daga 1 na dare zuwa 6 na asuba kyauta. Daga Deira in za ka haye ta gadar Garhoud ko ta Maktoum akwai shi, gaba a Al Safa da Al Barsha ma akwai. Kamfanin kuma suna ɗora dirhami 1 nasu a kan kowane wucewa, wannan mutumin kan kanta bai faɗa min da baki ba, a takarda na gani.

Tara kuwa kamara ce ke yi, ba ɗan sandan da zai tsayar da kai balle ka ce ranka ya daɗe a yi haƙuri. Waya a hannu 800, rashin ɗaura bel 400 kuma har na kujerar baya, tsallake jar danja 1,000 da tsare mota kwana 30, wannan kam ko a mafarki kada ka gwada da motar haya. Inda ni na faɗa shi ne hanyar Abu Dhabi. A Dubai suna ɗaga ƙafa kilomita 20 a kan abin da allo ya rubuta, allo ya ce 100 kamara sai ka wuce 120 take kamawa, to Abu Dhabi tun 2018 suka cire wannan sassaucin, abin da allo ya ce shi ke nan. Na san da maganar fa, yaron kago ya faɗa min, amma hanya ta miƙe yara sun yi barci ƙafa ta ɗan yi nauyi. Wani haske na gani ta gefe walau, na ce inna lillahi. Tarar dirhami 300, kamfani suka ɗora 50 wai ladan biya min.

Abu ɗaya da mutumin kanta ya nanata min har sau biyu kuma na yaba, in an goge ka ko ƙanƙani ne kada ka sasanta da mutum a titi irin namu na a je wajen fanel bita, ka gyara fakin gefe ka kai rahoto ta manhajar 'yan sandan Dubai ko ka kira 999 in abin babba ne, don ba rahoto ba inshora, gareji ma ba zai taɓa motar ba. Allah ya tsare ban buƙata ba.

Fakin a Deira shi ne azabar. Ranar da na ce bari in shiga wajen kasuwar gwal da mota na fi rabin awa ina zagaye tsakanin masu tura kaya a baro da motocin kago, ƙarshe na ajiye ta nesa na tako, wurin da da ƙafa daga masauki minti goma ne. Dare kuma kullum sai na biya wani fili mai gadi. Amma Dragon Mart da Abu Dhabi da ranar da muka je Hatta wajen duwatsu da dam, nan mota ta biya kuɗinta, mu tsaya inda muke so mu yi sallah yara su ci abinci, but cike da kayan uwargida ba mai ƙirga mana minti. Mai ma ba tsada sosai, ka shiga gidan mai na ENOC ka ce fetur Special su zuba maka kana zaune.

Inda suka ɓata min rai shi ne kuɗin ajiya. Sun ce kwana 21 saboda tara takan makara kafin ta fito, na yarda. Kwana 21 ya wuce shiru, na tura saƙo ta WhatsApp an karanta ba amsa, na sake, sai gobe sai jibi. Sai da na rubuta musu cewa na san hukumar kare masu saye ta Dubai ta ce kwana 30 ne iyaka kuma zan kai ƙara, ranar 27 kuɗi suka shigo. 1,030. Sun cire Salik sau 14 dirhami 80, tara 350, sai 40 wai wanki saboda yashin Hatta da ɓurɓushin biskit a kujerar baya. Na roƙi rasit sun turo, lissafi ya yi daidai, ban da wankin da har yanzu ina ganin ƙwace ne. In ka haɗa, Sunny ta 95 ta tashi sama da 230 a rana, ban sa mai da fakin ba.

Tauraro uku cikin biyar na ba su, mota lafiya, ƙarya ba su yi min ba sai dai abin da ba ka tambaya ba ba za su faɗa ba. In na koma da iyali zan iya sake zuwa wajensu amma kwana biyu kawai, ranar Abu Dhabi da ranar Hatta. In ni kaɗai ne sari ya kai ni, katin Nol ɗina na shiga Metro yana nan cikin walat da sauran dirhami 11 a ciki.