Kujera mai zamewa ko kafaffiya: wanne ƙaramin jirgin yawo za ka zaɓa?

Tun da na fara maganar ƙananan jiragen ruwa na tuƙin hannu, ake ta tambayata wanne ya fi.

Mai kujera mai zamewa, ƙafafu ke yin yawancin aikin: ka turo, kujerar ta bi layin ƙarfe, jirgin ya tsaga ruwa shar. Gudu kam akwai shi. Sai dai siriri ne, layin ya cinye wurin kaya, ga tsada, kuma idan yashi ya shiga tayoyin kujerar sai ka ji ƙiiii a kowane ja.

Kafaffiyar kujera kuwa, dubi jirgin tsaunukan Adirondack na jihar New York, wanda masu yi wa mafarauta jagora suka ƙera tun ƙarni na 19. Tsawonsa wajen mita 5, mutum ɗaya yana saɓa shi a kafaɗa daga wannan tafki zuwa wancan. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai. Gyaransa da sauƙi, amma baya da damtse za su gaya maka da yamma.

Mai neman motsa jiki da nisan zango shi kaɗai, ya ɗauki mai zamewa. Mai tafiya da tanti, tukunya da abokin hira, kafaffiya ce tasa.