Harrow, Milton Keynes ko Barking Riverside: ina za ka sayi gida a gefen Landan?

Ranar da haya ta ishe ka a Landan ka fara neman na kanka, dillali zai cika maka ido da hotunan kicin da banɗaki. Bar su tukuna. Kicin ana sake shi idan kuɗi sun zo, amma tazarar ƙofarka da tashar jirgi da makarantar yara da masallaci, da ita za ka zauna har ka sayar da gidan.

Harrow tana arewa maso yammacin Landan. Layin jirgin ƙasa na Metropolitan ya iso ta tun 1880, sai dai yawancin gidajen da za a nuna maka na shekarun 1930 ne: tagwaye, gida biyu bango ɗaya, ɗaki uku a sama, da doguwar farfajiyar ciyawa a baya. Ɗaki na ukun kuwa sunan ɗaki ne kawai, gadon yaro da ɗan tebur sun cika shi. Daɗin wurin shi ne ƙafa ta isar maka. Ka taka zuwa shago, ka taka zuwa tasha, ga babban masallaci a kan Station Road, naman halal kuma ba ya wuyar samu. Tsada ce ke kashe gwiwa, sannan gidan da ya doshi shekara ɗari yana shan gas da sanyi. Ka nemi takardar da ke auna yadda gida ke riƙe ɗumi, daga A zuwa G, kuma ka biya mai binciken gini ya duba danshi da rufi da wayoyin wuta kafin ka sa hannu.

Milton Keynes wata duniya ce. A takarda aka fara zana ta, aka ayyana ta sabon gari a 1967, kimanin kilomita 80 daga Landan, sai a 2022 ta samu matsayin birni. Manyan titunanta sun gitta juna kamar gidan dara, na kwance ana sa musu H, na tsaye V, kusan kowace mahaɗa kuma shataletale. Kowane gida na daran, mai faɗin kusan kilomita ɗaya, unguwa ce guda da sunanta, an lulluɓe ta da bishiyoyi har sai ka ratsa gari a mota ba ka ga ƙofar kowa ba. Ciki kuwa lunguna ne da ba sa ɓullewa, shiru, yara na wasa da keke a bakin titi. Akwai jajayen hanyoyi na keke da masu tafiya ƙasa sama da kilomita 300, suna bi ta ƙarƙashin manyan tituna. Da rana abin sha'awa ne, da duhu ba kowa ke son bin su ba.

Kuɗin fulat a Harrow yana iya kawo maka gida sukutum da gareji a nan. Amma ka yi lissafi da kyau. Jirgi mai sauri yana kai ka tashar Euston da ke tsakiyar Landan cikin minti 35 ko makamancin haka, tikitin shekara kuwa dubban fam ne, kuma garin don mai mota aka gina shi. Idan maigida ya fita da ita, uwargida ta zama 'yar jiran bas. Unguwannin ma ba ɗaya ba ne: Netherfield da Fishermead na shekarun 1970 sun fi araha, Broughton sabuwa ce. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da Wolverton, tsohon garin ma'aikatan jirgin ƙasa da birnin ya haɗiye, mai tasharsa da masallacinsa da jerin gidajen jan bulo.

Barking Riverside a gabas take, bakin kogin Thames, inda a da tashar wutar lantarki take. Tashar jirginta ta buɗe a 2022. Sabon gini ne mai ɗumi, galibi fulat, har yanzu ana kan aiki, don haka ƙura da ƙarar injin suna cikin ciniki. Ka duba taswirar ambaliya ta gwamnati.

A nan ne maganar takarda ta fi ciwo. Fulat a Ingila kusan kullum mallakar wa'adi ce, wato ƙasar ta wani ce, kai shekaru ka saya, kuma duk shekara ana biyan kuɗin kula da gini, wanda ke iya tashi. Wa'adin da ya gaza shekara 80 bankuna na ɗari-ɗari da shi. Ko gida mai ƙasarsa ne a sabuwar unguwa, tambayi lauyanka ko akwai kuɗin gyaran titi da ciyawa bayan harajin ƙaramar hukuma.

Mara mota, Harrow ce tasa in aljihu ya yarda. Mai yara uku da mota biyu ya nufi Milton Keynes. Ko wacce ka zaɓa, je ka gan ta a Disamba da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, duhu ya riga ya shiga, ka taka daga tasha zuwa ƙofar gidan kana duba agogo.