Gembu ko Obudu: amsa ga mai shirin kai iyali hutu kan tsauni

Malam, na ga tambayarka a zauren nan tun daren jiya. Ka ce kana da hutun mako guda a Disamba, kai da uwargida da yara biyu, kuna so ku ɗan huta da ƙurar Kano a wani ƙaramin gari na kan tsauni, an ambata maka Gembu da Obudu, ka rasa na zaɓa. Ka kuma ce yaranka ba su taɓa hawa abin da ya wuce Dala ba. To, Allah ya sa na taka duka biyun, bari in faɗa maka abin da na gani.

A tsayi kusan kunnen doki suke. Tsaunin Mambila, inda Gembu yake, da na Obudu kowanne yana wajen mita 1,600 sama da teku, mu nan Kano kuwa ba mu wuce 500 ba, shi ya sa sanyinsu daban yake da namu. Amma kamannin ya tsaya a nan. Gembu gari ne sosai, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, da kasuwarsa da masallatansa da 'yan acaɓa, mutane na harkar gabansu ko ka zo ko ba ka zo ba. Obudun da ake tallatawa kuwa ba shi ne garin Obudu ba. Garin yana ƙasa, sai ka ƙara tafiyar kusan kilomita 60 kafin ka hau wurin shaƙatawar, a ƙaramar hukumar Obanliku ta jihar Kuros Riba. Asalinsa gandun kiwon shanu ne da Turawa suka kafa a 1951, daga baya gwamnatin Donald Duke ta gyara shi don masu yawon buɗe ido. Wato can baƙo ake jira, a Gembu kuwa kai ne za ka shiga cikin jama'a.

Maganar hanya, kada wani ya ruɗe ka, duka biyun kwana biyu ne da yara a mota. Obudu za ka bi ta Akwanga, Lafiya, ka kwana Makurɗi, washegari Gboko, Vandeikya, sai Obudu. Hawan ƙarshe kilomita 11 ne mai lanƙwasa fiye da 20, ɗaya ma sunanta "gwiwar hannun Shaiɗan", ka ji suna. Gembu kuwa ta Gombe da Numan za ka bi ka kwana Jalingo, da asuba ka kama hanyar Bali, ka wuce Serti, ka isa Mayo Selbe. Daga nan ne mota take fara kuka. Hanya ta dinga naɗe dutse kamar rawani, kunnenka ya toshe, gefe guda rami ne da ba ka son leƙawa, kowa a motar ya koma salati. Kana kaiwa sama kuma sai ƙasa ta buɗe, tuddai masu ciyawa iya ganinka, shanu a warwatse, iska mai sanyi ta bugi fuskarka. Ni dai a wannan wurin na sa direba ya tsaya, na fito na tsaya shiru na ɗan lokaci. A duba birki tun daga Kano, kuma ko wacce ka zaɓa ban da tafiyar dare. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon da za ku tashi.

Abin yi a Obudu a tattare yake wuri guda, wannan ne ƙarfinsa. Akwai keken igiya mai tsawon kusan kilomita 4 da aka kafa a 2005, wanda yake ɗaukar mutum daga gindin tsauni zuwa sama, sai dai ba kullum yake aiki ba, ka buga waya ka tabbatar kafin ka yi wa yara alkawari. Akwai gadar igiya da ake takawa a saman bishiyoyi cikin kurmin Becheve, da wani ɗan kwarmin ruwa da ake wanka in mutum zai iya jure sanyinsa, da wuraren tsayawa a hango tsaunukan Kamaru. A kwana biyu kun gama zagaye su.

Mambila ba ta ƙarewa haka. Gembu kansa ka ba shi yini guda: ku shiga kasuwa ku ga fiya da ayaba da dankalin Turawa a arha irin wadda za ta ba ɗan 'Yankaba haushi, ku sauka bakin kogin Donga, da yamma ku hau wani tudu ku ga garin a kwance cikin bishiyoyin turare. Washegari ku tafi Kakara gonar shayi, inda ake yin Highland Tea. Wannan shi ne abin da nake ganin zai fi zama a ran yaranka. Yaron da ya tashi yana ganin ganyen shayi a kwali wurin mai shayin unguwa, yau ga shi tsaye tsakiyar tudu guda na shukarsa, an aske kanta daidai kamar da almakashi, ana tsinkar sababbin ganyen sama kaɗai ana jefawa a kwando. Ku nemi izini a ƙofa kafin ku shiga. Ku kuma leƙa Nguroje ku sha kindirmo, don Fulanin wurin tsayin ƙasa ya raba shanunsu da ƙudan tsando, kuma za ka ji bambancin a nonon. In akwai sauran ƙarfi, kurmin Ngel Nyaki yana kusa da ƙauyen Yelwa, ɗaya daga cikin 'yan kurmin kan tsauni da suka rage a ƙasar nan, akwai birai da tsuntsaye, har da cimfanzi, ko da yake ganinsa sai mai rabo.

Wani zai ce maka ku hau Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti kan iyakar Kamaru. Wannan tafiyar ƙafa ce ta kwanaki da ɗan jagora da izinin hukumar gandun. Ka bar shi sai ranar da ka zo da abokai.

In yara suka tambaye ka me ya kawo sunan Sardauna nan, ga amsa: yankin a da yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila take riƙo, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna Ahmadu Bello.

Ci da sha da ibada, a nan Gembu ta yi nisa. Fulatanci ne ya fi yawo a kasuwa, amma da Hausarka ba za ka ɓata ba, kiran salla kana jinsa daga ɗaki, nama kuwa ba sai ka yi tambaya ba. A saman Obudu abinci na otal ne da tsadarsa, kuma sai ka bincika yanka, don haka uwargida ta haɗa dambun nama da kilishi da garin kunu. Ta ɓangaren masauki kuma Obudu ce ta fi tsari. A Gembu ɗan madaidaicin masauki za ka samu, ruwan zafi a bokiti, wuta da layin waya sai yadda ta yiwu.

Abu guda da ya shafi duka biyun: Disamba rani ne, ciyawa ta fara bushewa, hazo yana rage nisan gani. Koren da kake gani a hotuna na ƙarshen damina ne, wajen Oktoba. Sanyin dare kuwa yana nan daram, ku biya Ƙofar Wambai ku ɗebo rigunan sanyi da safa da hular kunne kafin ku tashi.

Da ni ne kai, Gembu zan nufa. Kwana biyu zuwa, biyu dawowa, uku a can, kuma ukun ba za su ishe ku ba. Abin da kawai zai sa in ce Obudu shi ne in ƙaramin bai kai shekara huɗu ba, ko uwargida tana son ɗaki mai tsari inda ba sai an sake shiga mota kullum ba. Ka faɗa mana shekarun yaran da irin motar da za ku shiga, in ƙaramar mota ce mai ƙasa-ƙasa akwai maganar da zan ƙara a kan hanyoyin ƙauyukan Mambila.